Impatiens walleriana: rainon furen inuwa daga iri

Impatiens walleriana tsiro ne mai fure na dangin Balsaminaceae, wanda asalinsa gabashin Afirka ne, daga Kenya zuwa Mozambik, inda yake fitowa a bakin rafuka da ƙarƙashin itatuwan daji masu damshi. Masanin tsirrai ɗan Ingila Joseph Dalton Hooker ne ya raɗa masa wannan suna a 1868, don girmama ɗan mishan Horace Waller. Tsayinsa santimita 15 zuwa 60 ne, kararsa cike take da ruwa, ga saurin karyewa, furanninsa kuwa akwai ja, da fari, da ruwan hoda, da ruwan goro. A ƙasashen da ba a yin tsananin sanyi yakan yi shekaru yana fure, amma a Turai sai an sake shuka shi kowace shekara.

Samun irinsa yana buƙatar lura, domin kwansonsa idan ya nuna, da an ɗan taɓa shi sai ya fashe, ya nannaɗe, ya watsa ƴaƴan nesa, shi ya sa mai tara iri yake rufe kwanson cikin tafin hannu kafin ya matsa shi. Irin da aka ɗiba daga nau'in aure, wato wanda aka samu ta hanyar barbarar nau'i biyu daban-daban, ba lalle ne ya maimaita launin uwarsa ba.

Ba a binne wannan iri, saboda haske yake buƙata kafin ya tsiro. Ana tankaɗe ƙasa mai laushi haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki, a zuba a kasko mai huda a gindi, a jiƙa ta, sannan a barbaɗa irin a sama, a danna shi kaɗan da yatsa, a rufe da farar leda don kada damshi ya gudu. Zafin da ya fi dacewa shi ne digiri 21 zuwa 24 a ma'aunin Selsiyos, kuma tsiron yakan leƙo cikin mako ɗaya zuwa uku. Da ya fito sai a cire ledar, in ba haka ba gindinsa ya ruɓe ya kwanta. Ban ruwa ta ƙasa ya fi, wato a tsoma gindin kaskon cikin tasa mai ruwa har ƙasar ta sha, domin kwarara ruwa ta sama yana wanke irin ya tara shi gefe guda. Idan ganye na gaskiya, wato wanda yake fitowa bayan ganyen farko na tsiro, ya kai biyu ko uku, sai a yi dashe da tazarar santimita 20 zuwa 30, fure kuma yakan fara bayan kamar wata uku da shuka.

A Maraɗi inuwa kaɗai ba ta wadatar da shi. Ƙasar yankin yashi ce mai saurin tsotse ruwa, iskar hunturu busasshiya ce, zafin bazara kuwa yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, alhali tsiron ɗan kurmi ne. Saboda haka ya fi kyau a shuka shi bayan ɗaukewar damina, wajen Nuwamba, a raine shi cikin tukunyar ƙasa, wadda take sanyaya saiwa fiye da roba, a ajiye ta gindin mangwaro ko dogon yaro, ko jikin bangon da rana ba ta dukansa sai da hantsi. Duhu sosai ma ba ya yi masa, don yakan miƙe siriri ya rage fure. Tsallakar da shi bazara shi ne aiki mafi wuya, kuma dabara ita ce a yanki reshe a sa a ruwa cikin ɗaki, inda yake fitar da saiwa cikin mako biyu ko makamancin haka.

Babbar cutarsa ita ce wadda ƙwayar cuta mai kama da fumfuna, Plasmopara obducens, take haddasawa, mai sa farin gari a bayan ganye har ya kakkaɓe. Ta yi ɓarna sosai a Birtaniya da Amurka a 2011, kuma tsiron da ta kama tumɓuke shi ake yi, a zubar da ƙasar tukunyar.