Ana binka bashi a Amurka? Ga iyakar da doka ta shata wa masu karɓar bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai masu sana'ar karɓo bashi sun daɗe da gane cewa kunya da tsoro sun fi lallashi saurin fito da kuɗi daga aljihun mutum, don haka wasunsu suka mayar da tozarci makamin aiki. Wannan ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsara yadda ake karɓar bashi, wadda ake kira FDCPA, a 1977, ta fara aiki a watan Maris na 1978. A farkon dokar, majalisar da kanta ta rubuta cewa irin wannan cin zarafi yana jawo karayar arziki, rikicin aure, rasa aiki da kutse cikin sirrin mutane. Dokar ba ta yafe wa kowa bashi ba. Abin da ta hana shi ne a ci mutuncinka saboda ana binka.

Kafin komai, ka san wa dokar ta hau kansa. Ta shafi kamfanoni da lauyoyin da sana'arsu ita ce karɓo wa wasu bashi. Bankin da ya ba ka rance da hannunsa, yake kuma neman abinsa da sunansa, galibi ba ya cikinta. Wannan babban giɓi ne, kuma wasu jihohi sun cike shi da nasu dokokin, kamar dokar Rosenthal ta Kalifoniya. Sannan bashin buƙatun kai da na iyali kawai ta rufe: kuɗin asibiti, katin bashi, bashin mota, bashin karatu. Bashin kasuwanci ba ya ciki.

Mai karɓar bashi ba shi da ikon kiranka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, bisa agogon inda kake, sai in kai ka yarje masa. Idan ka faɗa masa cewa wurin aikinku ba a yarda da irin wannan kira ba, dole ya daina nemanka a can. Idan ka ɗauki lauya a kan maganar, da lauyan zai yi hulɗa. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta ƙara wasu ƙa'idoji da suka fara aiki ranar 30 ga Nuwamba, 2021. A ƙarƙashinsu, wanda ya kira ka fiye da sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi guda, ana ɗauka ya keta doka, kuma in kuka yi magana ta waya sai ya jira kwana 7 kafin ya sake kira. Ka lura, lissafin na kowane bashi ne daban. Wanda ake bi bashi uku zai iya shan kira 21 a mako ba tare da an tsallake wannan iyaka ba. A ganina wannan ya yi yawa ga mutumin da tuni barci ya ƙaurace wa idonsa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne tona asiri, kuma a nan dokar ta fi tsauri. A ce mai karɓar bashi ya kira yayarka. Yana iya tambayarta inda kake zaune, lambar wayarka da wurin aikinka, galibi sau ɗaya tak. Da zarar ya ce mata, "Hajiya, ƙaninki ya ci bashi ya ƙi biya, ki yi masa magana," to ya karya doka, ko da maganar tasa gaskiya ce tsantsa. Haka abin yake ga maƙwabci, abokin aiki ko shugabanka a ofis. Waɗanda aka yarda ya tattauna bashin da su 'yan kaɗan ne, kamar matarka ko mijinki, lauyanka, ko iyayen yaron da bai kai shekarun girma ba. Hatta ambulan ɗin wasiƙa dokar ta leƙa: ba a yarda ya ɗauki wata alama da za ta nuna wa mai kai wasiƙa cewa maganar bashi ce a ciki ba, kuma an hana aika buɗaɗɗen kati. A Facebook da makamantansa, saƙon sirri kaɗai zai iya aiko maka, ba rubutun da abokanka za su gani ba, kuma dole ya nuna maka hanyar da za ka ce ya daina.

Zagi, ashar da barazanar duka duk haramun ne. Haka ƙarya: ya ce shi lauya ne ko jami'in gwamnati alhali ba shi ba ne, ya ƙara yawan kuɗin da ake binka, ko ya yi barazanar ɗaukar matakin da ba shi da iko ko niyyar ɗauka. Wadda ta fi razana mutane ita ce "za mu sa a kama ka". Ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan kuɗin asibiti ko na katin bashi. Abin da kan jawo kamu shi ne bijire wa umarnin alƙali bayan magana ta kai kotu.

Makaminka mafi ƙarfi takarda ce. Cikin kwana 5 da fara tuntuɓarka, dole a ba ka sanarwa mai ɗauke da adadin kuɗin da sunan wanda yake binka. Kana da kwana 30 ka musanta a rubuce, kuma in ka yi haka, sai sun dakata da nema har su kawo maka hujja. Kada ka raina wannan dama. Ana sayar da tsofaffin basuka daga hannu zuwa hannu a farashi mai arha, takardu suna ɓata a hanya, har a wayi gari ana neman mutum da bashin da ya biya ko na wani mai irin sunansa. Kana kuma iya rubuta musu cewa su daina tuntuɓarka gaba ɗaya. Daga nan ba su da ta cewa sai dai su sanar da kai cewa sun daina, ko kuma wane mataki za su ɗauka.

Amma yin shirun waya ba ya nufin bashin ya mutu, kuma suna iya kai ka ƙara. In sammaci ya zo, kada ka cusa shi a aljihun tebur. Wanda bai amsa ba, ana yanke hukunci a bayan idonsa, kuma daga nan ana iya yankar har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage a albashinsa bayan an cire haraji da makamantansa.

Tsohon bashi kuwa yana da tarko. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, a yawancinsu shekara 3 zuwa 6. In wa'adin ya wuce, an hana su kai ka kotu ko yi maka barazanar hakan. Sai dai a wasu jihohi, biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yana iya farfaɗo da wa'adin daga farko. Shi ya sa za ka ji murya mai daɗi tana cewa ka turo ko dala 10 don nuna kyakkyawar niyya. Ka binciki dokar jiharka kafin ka tura ko sisi.

Idan an keta haƙƙinka, kana iya kai koke ga CFPB, hukumar kasuwanci ta tarayya FTC, ko babban lauyan jiharka. Kana kuma iya shigar da ƙara da kanka cikin shekara 1, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2019, a shari'ar Rotkiske da Klemm, cewa ana ƙirga shekarar daga ranar da aka yi laifin, ba ranar da ka gano ba. In ka yi nasara, za a biya ka diyyar asarar da ka yi, da ƙarin da bai wuce dala 1,000 ba, da kuɗin lauyanka. Wannan dala 1,000 ba ta motsa ba tun 1977, kuma ya kamata a ce an ɗaga ta tuntuni. Kuɗin lauyan ne ke sa wasu lauyoyi karɓar irin wannan shari'a ba tare da ka biya komai da farko ba, amma abu na farko da za su tambaye ka shi ne hujja. Don haka ka riƙa rubuta ranar kowane kira da lokacinsa da sunan mai kiran da abin da ya faɗa, ka ajiye saƙonni da ambulan, ka aika wasiƙunka ta hanyar da za a ba ka shaidar an karɓa. Naɗar murya kuwa sai da taka-tsantsan, domin wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya da Fulorida, suna buƙatar yardar duk masu magana a wayar kafin a naɗa.