Katin motar Legas da maganar ɗaurin wata shida

Akwai wata murya da ke ta yawo a WhatsApp kwanan nan, musamman a guruf ɗin 'yan kasuwarmu na nan Katsina masu kai kaya kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mai maganar cewa yake wai duk wanda ya je hawa motar gwamnatin Legas ba kati to ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000, kuma wai katin ma tarko ne, kana dangwala shi a kwashe abin da ke ciki. Wani har ya ƙara gishiri wai don 'yan arewa aka ƙirƙiro shi. Jama'a a bi a hankali, abu biyu ne daban aka cakuɗa wuri guda.

Katin dai sunansa Cowry, gwamnatin Legas ta fito da shi a 2020 ƙarƙashin hukumar sufurinta LAMATA. Ka saya, ka loda masa kuɗi a tasha ko ta waya, in sun ƙare ka sake lodawa. Da shi ake hawa manyan motocin BRT, da jiragen ruwan gwamnati, da jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 da ya fara jigila a Satumban 2023, da na Oyingbo zuwa Agbado wanda ke tsayawa a Agege. Bayarabe da Inyamuri da Bahaushe duk layi ɗaya suke bi. Danfo kuwa, wato ƙananan motocin hayan nan na Legas, kuɗinka a hannu kwandasta ya karɓa, kamar yadda aka saba. Nan gida ma ba ruwan ƙa'idar Legas da kurkurar da za ta ɗauke ka daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa.

To daga ina wata shida da 50,000 suka fito? Daga Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 20 ƙaramin sashe na 5. Abin da ya ce a taƙaice, duk wanda ya ƙi karɓar naira a matsayin abin biya ya aikata laifi, in kotu ta same shi da laifin sai tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Ku duba da kyau wa ake nufi. Wanda ya ƙi karɓa. Ba wanda ya zo biya ba. Fasinja ba ya cikin wannan magana sam, in ka je tashar BRT ba kati abin da za ka gamu da shi shi ne a ce je ka sayo, ko ka nemi danfo. Kuma ko shi mai laifin ma sai an kai shi kotu, ba wani ma'aikacin tasha ne zai yanke hukunci a bakin ƙofa ba. In wani ya tare ka da wannan barazana yana neman a sasanta a gefe, na goro yake nema.

Daga nan ne wasu suka juya maganar, suka ce ashe Legas ɗin ce ke karya doka tunda ta ƙi karɓar takardar kuɗi a mota. Ni a fahimtata wannan hujja ba ta da ƙwari, domin sashen naira ya ambata, kuma abin da ke cikin katin ai naira ce ba dala ba, takardar taka ma ana karɓa a wurin lodawa. Ci gaban sashen ma yana magana ne kan ikon Babban Banki na tsara lokacin da za a iya amfani da kuɗin ƙasashen waje, ka ga inda aka dosa, masu cewa sai da dala za a biya su haya ko kuɗin makaranta. Amma ban ga laifin wanda gabansa ya faɗi ba. Wanda ya kwana layin banki a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, har sai da jihohi ciki har da Katsina da Legas ɗin kanta suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, in ya ji an ce "ba a karɓar kuɗin hannu" dole ya tsargu.

Maganar kwashe kuɗi kuwa tana da tushe, sai dai ba sata ba ce, tsari ne da ba a yi wa baƙo bayaninsa. A hanyoyin da kuɗin ya danganta da nisa, kana dangwala katin a na'urar bakin ƙofa sai ta cire kuɗin ƙarshen layi gaba ɗaya tunda ba ta san inda za ka sauka ba, in ka zo sauka sai ka sake dangwalawa ta mayar maka da canjinka. Misali kawai, a ce ƙarshen layi 1,000 ne, taka tashar 600, ka taso daga Ikorodu za ka sauka Mile 12 ana turereniya ga jaka a kafaɗa ga waya tana ƙara, ka dira ka yi gaba, to 400 ɗin nan ta tafi. Sai mutum ya dawo Katsina yana rantsuwa an yashe shi. A jirgin ƙasan Landan ma haka ake yi da katinsu na Oyster, wanda bai dangwala ba wajen fita kuɗi mai yawa ake cire masa.

Inda nake ganin tsarin bai yi wa mutanenmu adalci ba shi ne an gina shi don mazaunin gari mai hawa kullum. Lokacin da gwamnan Legas Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin motocin gwamnati a Agustan 2023 bayan cire tallafin mai, masu kati ne suka more. Shi kuwa Alhajin da ya raka tirelar albasa zai kwana biyu ya juyo, sai ya sayi kati, ya bi layin lodawa, wata rana sabis ya ɗauke, sannan ya dawo da ragowar kuɗi a ciki da ba zai iya sayen ko tsire da su ba a Daura. Don haka kar ka loda da yawa, na zuwa da dawowa ya isa, sauran ka bari a aljihu saboda danfo, katin kuma ka adana shi don tafiya ta gaba.