Waiwaye: Daga Kuɗi a Ƙugu Zuwa "Alat Ya Shigo"

Duk wanda ya san Kantin Kwari a shekarun 1990 zai tuna fataken da ke sauka Kano da asuba daga Maiduguri, Yola ko Maraɗi, kuɗinsu ɗaure a ƙugu ko cushe a ƙasan buhu, sun kwana a hanya cikin fargabar 'yan fashi. Haka aka gaji fatauci: ka zo da ƙafarka, ka taɓa atamfa da hannunka, ka ƙirga kuɗi a gaban mai shago.

Wayar salula ce ta fara rage wa mutane tafiya. MTN da Econet sun soma aiki a watan Agustan 2001, sai ga ɗan kasuwa yana zaune a garinsu yana jin yadda masara ta kwana a Dawanau. Kuɗi kuwa har lokacin sai an ɗauko su. A 2011 aka samar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, a Janairun 2012 kuma Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, shirin da ya iso Kano a Yulin 2013. 'Yan kasuwa ba su yi rawar jiki ba, don a wurinsu kuɗi shi ne abin da hannu ya riƙe.

A 2012 ɗin nan aka kafa Jumia da Konga, aka zaci ta manyan shafukan intanet ciniki zai koma. A Arewa ta wata ƙofa ya shigo, wato WhatsApp, Facebook da Instagram. Mai shago ya ɗora hoton sabon leshi, wata a Gusau ta gani ta taya, a yi ciniki da saƙon murya. Tana tura kuɗi, yaron shago ya naɗe kayan a leda, ya rubuta lambar wayarta a jiki, ya kai tasha ya damƙa wa direba. Sabuwar fasaha ce ta hau kan tsohuwar amana. Abin da ya fi faranta min rai shi ne matan aure, waɗanda a da sai sun ɗora wa 'ya'yansu talla. Yau daga cikin ɗaki suke sayar da turaren wuta, humra da kayan yara, yarinya kuma tana makaranta.

Abin da shekara goma ta wa'azi ba ta yi ba, wahala ta yi shi cikin makonni. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsoffin sun koma banki, sababbin ba su wadata ba, mutane na wuni a layin ATM. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗi, a ƙarar da Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara shigarwa. Kafin nan mai shayi da mai nama sun manna lambar asusunsu a jikin tebur, OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga lungu-lungu, rumfar mai POS ta zama bankin unguwa.

Sauƙin ya zo da nasa ciwon kai. Akwai alat na bogi, akwai wanda zai karɓi kuɗin kaya ya kashe waya, ga kuɗin da ke maƙalewa a tsakanin banki biyu, an cire wa mai saye, bai isa ga mai sayarwa ba. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wani irin a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro: sai mutum ya tsallaka wata jihar kafin ya kira abokin cinikinsa ko ya tura masa kuɗi. Tsoron alat na bogi da maƙalewar kuɗi ne ya sa a Kwari, ko ka nuna wa yaron shago rasit a wayarka, zai ba ka benci ya ce ka ɗan zauna tukuna, sai Alhaji ya ga alat a tasa wayar.