Kibod Marar Waya: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Saya

Masu shagunan buga takardu a Agege da Idi-Araba sukan yi waɗannan tambayoyi kafin su nufi kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Yaushe aka fara ƙera shi?

Ya daɗe fiye da yadda ake zato. A shekarar 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PCjr tare da kibod mai aika saƙo da haske marar ganuwa, irin na rimot ɗin talabijin. Aibinsa shi ne sai ya fuskanci kwamfutar sosai, domin ko littafi ne ya gitta tsakaninsu, rubutu ya tsaya ke nan. Daga baya aka koma ga zangon rediyo, wanda bai damu da abin da ya tare gaba ba.

Iri nawa ne a kasuwa yanzu?

Biyu ne suka fi yawa. Akwai mai zuwa da ɗan ƙaramin risiba da ake sokawa a ramin USB, akwai kuma mai Bluetooth, fasahar da kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994. Dukansu a zangon 2.4 GHz suke aiki, kuma sukan kai nisan kimanin mita 10. Mai Bluetooth ya fi dacewa da wanda zai haɗa shi da wayar salula.

Shin a sayi na tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje?

A nan ne nake roƙon a yi hattara. Sau da yawa za a ga kibod tas, madannansa lafiya lau, amma risibansa ya ɓace tun kafin kayan su sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, alhali yawancinsu da risibansu kaɗai suke aiki. Wasu na Logitech masu alamar Unifying suna karɓar sabo, kuma risiba guda yana ɗaukar na'urori har 6. A buɗe murfin batir a leƙa, domin a can ake yawan ɓoye risiban, sannan a gwada kowane madanni a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi.

Batir fa?

Masu batir AA ko AAA sukan yi watanni. Masu fitila a ƙarƙashin madannai kuwa suna shan caji da sauri, abin dubawa ne ga wanda unguwarsa ba ta cika samun wuta ba.

Zai rubuta ƙ da ɗ da ɓ?

Zai rubuta, ko da ba a zana su a jikinsa ba, domin manhajar kwamfuta ce take fassara abin da aka danna. Sai a shiga saitin harshe a Windows a ƙara tsarin Hausa.