Koyar da Turanci a manyan makarantun sakandare na Kumasi

Turanci shi ne harshen hukuma a Gana, kuma da shi ake koyar da kusan kowane darasi a babbar sakandare, matakin shekara uku da ke biyo bayan BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yana cikin darussa huɗu da suka wajaba a kan kowane ɗalibi, tare da lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa. A makarantun Kumasi irin su T.I. Ahmadiyya, wadda aka kafa a 1950, da Kwalejin Prempeh ta 1949, da Babbar Sakandaren Musulunci ta Abrepo, malaman Turanci suna aiki ne a ƙarƙashin shugaban sashe, wanda ke raba azuzuwa, ya duba tsarin darasi, ya kuma shirya jarrabawar gwaji. Yawancinsu sun yi karatun koyarwa a jami'ar Winneba ko ta Cape Coast.

Ƙarshen tafiyar shi ne WASSCE, jarrabawar kammala babbar sakandare, wadda hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ke shiryawa. An kafa hukumar a 1952, hedikwatarta tana Akra. Jarrabawar Turanci ta ƙunshi tambayoyin zaɓi a kan nahawu da kalmomi, da insha'i, da fahimtar rubutu, da taƙaitawa, da gwajin sauraro. Maki yana farawa daga A1, mafi girma, zuwa F9, mafi ƙasa, kuma jami'o'i suna neman C6 ko abin da ya fi. Wanda ya faɗi ƙasa da haka, ko da ya yi zarra a lissafi, sai ya sake zama, galibi a jarrabawar masu zaman kansu da ake kira NOVDEC.

Yaron Aboabo ko Sawaba ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi inda Hausawa da sauran Musulmi suka fi zama, yakan shigo aji da harsuna a bakinsa: Hausa a gida, Twi, harshen Asante, a kasuwa da cikin mota, buroka tsakanin abokai, ga Larabcin makarantar allo da ya sa ya san baƙi da wasali tun yana ƙarami. Amma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa don koyarwa a makarantu, inda ake da Twi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da wasu. Saboda haka ɗan zango bai taɓa koyon tsara sakin layi a harshen da yake tunani da shi ba, kuma wannan rashi ne babba da ba a cika maganarsa ba. Sashen Ilmin Musulunci da aka kafa a 1987 ya shigar da makarantun Islamiyya da dama cikin tsarin gwamnati, ya kuma kusanto da boko ga iyayen da a da suke ɗari-ɗari da shi, amma bai taɓa batun harshen gida ba.

Kurakuran da malami ke gani suna da asali. Mai Hausa yakan haɗa sautin p da f, mai Twi kuma l da r, kuma duka biyun suna fitowa a gwajin sauraro. Hausar zango ba ta cika bambanta namiji da mace ba, haka ma Twi, shi ya sa ɗalibi zai fara labarin mahaifiyarsa a insha'i, kafin layi na uku ta koma namiji. Malamin kirki ba ya tsayawa ga jan layi da jan biro. Yakan sa yaron ya karanta jimlar da ƙarfi har ya ji inda ta karkace. Taƙaitawa ita ce ta fi ba da wuya, domin ɗalibai sun saba kwafo jimla yadda take, alhali ana son su faɗi ma'anar da kalmominsu.

Shirin karatun sakandare kyauta da ya fara a Satumban 2017 ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa da yawa, har cunkoso ya sa aka raba ɗalibai rukuni biyu masu karɓa-karɓa a 2018. Nauyin ya fi sauka a kan malamin Turanci, tunda insha'i ba ya gyaruwa sai an karanta shi layi-layi, kuma idan aji ya cika maƙil, yawan rubutun da ake ba yara a zangon karatu guda shi ne abin da ke fara raguwa.