Ƙwayar magani ta taunawa

Ƙwayar taunawa nau'in ƙwayar magani ce da ake murƙushewa da haƙora kafin a haɗiye, ba kamar ƙwayar da ake korawa da ruwa ba. An fi yin ta domin yara da tsofaffi da duk wanda haɗiya ke yi wa wuya. A Maraɗi, wadda aka fi sani ita ce ƙwayar tsutsar ciki da ake raba wa yara.

Tarihi

Tauna magani ya riga ƙwayar kanta: tun da can mutane ke tauna saiwa, sassaƙe ko kanumfari don ciwon ciki da na haƙori. Ƙwayar da injin ke matsewa ta fito ne a Ingila wajen tsakiyar ƙarni na 19, ta taunawa kuwa sai a ƙarni na 20 ta yaɗu, kuma da maganin ƙwannafi ta fara suna. Ana cewa wani mai haɗa magani a birnin St. Louis na Amurka, Jim Howe, ya haɗa maganin ƙwannafi mai suna Tums wajen 1928 don matarsa mai fama da ɓacin ciki, aka sa shi kasuwa a 1930.

Babban darasin wannan nau'i ya zo ne daga asfirin. A wajen 1947 aka fara sayar da asfirin na yara mai ɗanɗanon lemu a Amurka. Iyaye sun yi maraba da shi, don yaro ba ya tofarwa. Sai dai yaran sun ɗauke shi alewa. A shekarun 1950 asfirin ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara guba a ƙasar, abin da ya taimaka wajen kafa dokar 1970 ta murfin kwalba wanda yaro ba ya iya buɗewa. Daga baya aka danganta asfirin da cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, har a 1986 aka wajabta gargaɗi a kan kwalinsa.

Magungunan tsutsa biyu da suka mamaye fagen, mebendazol da albendazol, sun fito ne a shekarun 1970. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na muhimman magungunan yara, ta kuma yi kira a riƙa yin magani daidai da jikinsu. Mebendazol na taunawa mai miligiram 500 ya sami amincewa a Amurka a 2016.

Haɗi

Ba a matse ta da ƙarfi sosai, don ta ruguje a baki. Ana zuba mata abin zaƙi kamar sukari, manitol, sobitol ko aspatem, da ƙamshin ƴaƴan itace. Manitol ne ke sa a ji sanyi a harshe.

Amfani

Ba ta buƙatar ruwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne inda ruwa mai tsabta ke da nisa. Ta fi siro, wato maganin ruwa, sauƙin ɗauka da daɗewa, ba ta neman firij, kuma awonta ƙayyadadde ne, babu kuskuren cokali. Da yake ta riga ta farfashe kafin ta isa ciki, wasu magungunan kan fi saurin aiki. Shi ya sa likitoci ke sa wanda ake zaton ya samu bugun zuciya ya tauna asfirin.

Illoli

Ba kowane magani ke yarda a tauna shi ba. Mai tsananin ɗaci, kamar farazikwantel na tsargiya, zaƙi ba ya rufe shi da sauƙi. Ƙwayar da aka lulluɓe don kada ta narke sai a hanji, ko wadda ke sakin magani sannu a hankali, tauna ta ɓata ta ne, wani lokacin da haɗari. Mutumin da ya saba da ta taunawa yakan zaci duk ƙwaya haka take.

Sukarin ciki na cin haƙori, tsamin bitamin C na taunawa ma haka. Sobitol in ya yi yawa yana sa zawo. Tsohon da haƙoransa suka zube bai ƙaru da komai ba. Mafi muni shi ne ƙwarewa: ƙaramin yaro da aka danne yana kuka yana iya shaƙe ƙwayar. Don haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a niƙa ta a dama da ɗan ruwa ga yaran da ba su kai shekara 3 ba, kada kuma a tilasta musu.

Masana ba su daidaita kan wadda ta fi dacewa da ƙananan yara ba. Da yawa sun fi karkata ga ƙwaya mai narkewa a ruwa.

A Maraɗi

Ana ba da albendazol mai miligiram 400 a cibiyoyin lafiya na gwamnati da ake kira CSI da lokacin gangamin rabon magani, sau da yawa tare da ɗigon bitamin A. Yaro mai wata 12 zuwa 23 rabi ake ba shi. Ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da su a damina, yawanci masu narkewa ne a ruwa, ko da yake akan rikita su da na taunawa.

Ajiya ce matsalar. Zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, alhali yawancin kwalaye na cewa kada ya wuce 25 ko 30. A watan Agusta kuma raɓa ke shiga ƙwayar ta yi laushi. Wadda ke fakitinta a farmasi tana da kariya. Wadda ƴan tallan magani ke yawo da ita a tire cikin rana, suna yanka fakiti suna sayarwa ɗai-ɗai, ba ta da takardar da za ta nuna ko ta taunawa ce ko ta haɗiya.