Waiwaye: Me ya sa blockchain ya guji dogaro da saba ɗaya?

Kafin Bitcoin an sha gwada ƙirƙiro kuɗin intanet, kuma kusan duk a rami ɗaya suke faɗawa: dogaro da kamfani ɗaya da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai. Kamfanin DigiCash na David Chaum ya karye a 1998, kuɗinsa suka bi shi. E-gold kuwa, tun da hukumomin Amurka suka gurfanar da masu shi a 2007 harkar ta durƙushe. Haka ma Napster, dandalin musayar waƙoƙi: jerin fayilolinsa na kan sabar kamfanin, don haka umarnin kotu kaɗai ya isa ya rufe shi a 2001.

Wannan rauni ne Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya nufi toshewa a takardar da ya fitar ranar 31 ga Oktoba, 2008. Idan babu banki a tsakiya, wa zai hana mutum kashe kuɗi ɗaya sau biyu? Amsarsa ita ce dubban kwamfutoci su riƙe kwafin littafin ciniki iri ɗaya, kusan kowane minti 10 a ƙara shafi wanda ke ɗaure da wanda ya gabace shi. Wannan littafin shi ake kira blockchain. Mai son sauya tsohon ciniki sai ƙarfin injinansa ya rinjayi na sauran jama'a gaba ɗaya. Tsarin ya fara aiki ranar 3 ga Janairu, 2009.

An ga amfanin haka a 2021, lokacin da China ta haramta haƙar Bitcoin, wato aikin injinan da ke ƙara shafuka a littafin. Kusan rabin ƙarfin injinan ya ɓace, masu su suka kwashe kaya zuwa Amurka da Kazakhstan, amma littafin bai daina ƙaruwa ba. A ranar 4 ga Oktobar shekarar kuwa, kuskuren saiti a kamfani ɗaya ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram wajen awa 6.

Sai dai abin ba kyauta ba ne. Bitcoin na kammala ciniki kamar 7 ne a daƙiƙa, ga cin wutar lantarki, kuma in ka tura kuɗi ga adireshin da ba shi ba, babu ofishin da za ka kai ƙara. Amma Ethereum, wani blockchain daban, ya rage cin wutarsa da sama da kashi 99 cikin 100 a Satumban 2022.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jama'a da ƙafarsu suke komawa hannun ɗan tsakiya, don riƙe makullin asusu da kai akwai wahala. Mt. Gox ya rushe a 2014 da bitcoin kusan 850,000, FTX ya bi sahu a Nuwamban 2022, kuma duka biyun kamfanoni ne da ke ajiye dukiyar mutane a sabarsu.